Katunan Malama a Cikin Leda

Zuwa ga Gwaggo Maiturare,

Assalamu alaikum. Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni, kwana goma sha biyu kacal suka rage mini. Na san filin nan naki mata ne suka fi rubuto masa, kuma da bara wani ya ce mini ni, da furfurata da jikokina, zan zauna in rubuta wa jarida damuwata, da na ce a kai shi a duba lafiyarsa. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɓarna na yi a gidana, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da kyakkyawar niyya na yi ta.

Ni dillalin dabbobi ne, shekarata ta kusa arba'in a kara, wato kasuwar dabbobi. Daga Daura zuwa Mai'aduwa har Baure, babu wanda zai ɗaga hannu ya ce na taɓa haɗa shi da rago mai tari. Rago na giftawa zan faɗa miki shekarunsa ban buɗe bakinsa ba. Na faɗi wannan ne don ki san ba sakarai ne ke rubuto miki ba, ko da yake abin da za ki karanta zai so ya nuna haka.

Maiɗakina malamar makaranta ce, ta yi ritaya shekara biyu da suka wuce. Zan riƙa ce mata Malama don kada a gane ta. Shekararmu talatin da ɗaya tare, kuma ban taɓa jin muryarta ta tsallaka katanga ba. Ita in ta yi fushi ladabi ne ke ƙaruwa. Duk ranar da ta durƙusa ta ajiye mini tuwo tana kira na da ranka ya daɗe, na san na taka wani abu, sai in fara laluben ko mene ne.

Mahaifinta, Malam Harisu, Allah ya jiƙansa, shi ne ke kula da wani ɗan ɗakin karatu a cikin gari a zamanin da. Ɗaki ɗaya ne, da kabad biyu na littattafai, da benci uku, da jaridar da ke isowa bayan labarin ya huce. Malam yana da wata ɗabi'a da har yau tsofaffi ke ba da labarinta suna dariya. Duk wanda ya zo yi masa sallama zai yi tafiya, ɗalibi ne zai tafi karatu, ma'aikaci ne aka tura kwas, ko mai niyyar aikin hajji, Malam ba ya cewa a zo masa da turare ko hula ko dabino. Roƙonsa ɗaya, in ka isa ka nemi kati mai hoton laburaren garin ka jefa masa a gidan waya. Don yaran yanzu da ba su san shi ba, kati ne da bai wuce tafin hannu ba, hoto a gaba, a baya a rubuta gaisuwa da adireshi, a manna kan sarki, a aika shi haka tsirara babu ambulan. Da haka Malam ya tara guda arba'in da huɗu. Da ya rasu aka raba gida da gona da riguna, babu wanda ya kalli gwangwanin biskit ɗin da katunan ke ciki, sai Malama ta ɗauka ta rungume. Daga baya tsofaffin ɗalibanta suka riƙa nemo mata irinsu, tsofaffi, har suka kai hamsin da takwas.

Kowace Juma'a bayan la'asar sai ta shimfiɗa farin zane a kan gado, ta wanke hannu kamar mai shirin cin abinci, ta fito da su ɗaya bayan ɗaya tana riƙewa ta gefe. Ni kuwa ina tsakar gida da rediyona. Ta sha kira na in zo in gani. Sau ɗaya na leƙa, shekarun baya, na ga gini ne dai, wani da ginshiƙai, wani da ƙubba, wani kamar siton gyaɗa. Babu mutum, babu kasuwa, ko akuya babu a ciki. Tun daga nan na sa musu suna gidajen Malama, ina tsokanarta cewa ta fi kowa gidaje a Daura amma babu wanda za a iya fakewa a ciki in an yi ruwa. Takan yi murmushi ta ci gaba da abinta, ni ma in koma ga labarun duniya.

To, watan jiya 'yarmu da ke aure a Kano ta haihu. Haihuwa ta uku, namiji bayan mata biyu, aka mayar da sunan Malam Harisu. Malama ta tafi jego, sai an yi arba'in za ta dawo. Ta bar mini makullai da jawabi mai tsawo, wanda na ji rabinsa. Kwana biyar bayan na dawo daga suna aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun hantsi har azahar. Kwanon ɗakinta yana da wata kusurwa da ke yoyo. Tun daminar bara take yi mini magana, kuma Allah shaida na gaya wa kafinta, shi ne yake ta cewa yana nan tafe. Na shiga dubawa sai na tarar ruwa yana ɗiga daidai saman sif, inda gwangwanin yake. Na taka kujera na sauko da shi, har na kusa karya ƙugu.

Ruwa bai shiga ba, alhamdu lillahi. Amma da na buɗe, Gwaggo, sai tausayi ya kama ni. Katunan sun tsufa, gefensu ya lanƙwashe, wasu sun yi ɗigon ja-ja, ga warin tsohuwar takarda, ga kuma hanyar gara a jikin bango ba nisa. Sai na ce a raina, yanzu matar nan duk iliminta ta bar dukiyarta haka a buɗe? Kin san mu nan duk takardar da ke da daraja laminetin ake yi mata, a sa ta a leda a gasa a inji. Takardar gidana tana cikin leda. Takardun haihuwar yara, da shaidar ƙaramar hukuma, duk suna cikin leda. Katina na ƙungiyar dillalai ya taɓa faɗawa kwamin shayar da shanu, ya yini a ciki, na tsamo shi garau. Abin da ya tsare takardar gidana, me zai hana shi tsare hoton gidan wasu? Na ce bari in yi wa baiwar Allah nan abin alheri, ta dawo ta tarar.

Na ɗauki gwangwani na nufi shagon Sama'ila, mai hoton takardu a kusa da tasha. Zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, mutumin nan ya ja baya. Ya juya katin farko ya tambaye ni ko Hajiya ta san da wannan aiki. Na ce masa tun yaushe ake neman izini kafin a yi alheri a gidan mutum. Sai ya duba kayansa ya ce leda talatin ta rage masa mai wannan girma, in bari sai mako mai zuwa in an kawo daga Kano. Ni kuma mutum ne da in na ɗaura niyya ba na son ta kwana. A nan ne dabara ta zo mini, kuma a lokacin har yabon kaina na yi. Mu in mota ta yi kaɗan ba ma barin raguna a ƙasa, gyara lodi muke yi. Na ce masa ai kati fuska ɗaya gare shi, a haɗa su biyu-biyu, baya da baya, hoto ta nan hoto ta can, leda ɗaya ta ɗauki biyu.

Sama'ila ya sake magana, ya ce akwai rubutu a bayan. Na juya ɗaya na ga wani cakuɗaɗɗen Turanci da kan sarki da hatimi. Na ce masa gaisuwa ce, masu ita yawanci sun riga mu gidan gaskiya, kuma gaisuwar da ta iso shekara hamsin da suka wuce ai ta gama aikinta. Haka na faɗa, Gwaggo, da bakin nan nawa, har mutanen shagon suka yi dariya. Na zauna a benci fiye da awa ɗaya ina haɗa su tsara da tsara, yadda nake haɗa raguna biyu in mai saye ya ce yana son su zo daidai. Na auna tsawo, na auna faɗi, ban yarda wani ya ɗara ɗan'uwansa ko da ƙwayar gero ba. Landan ta tafi da Alƙahira, Ibadan da wani gari da ban iya faɗin sunansa ba, Kaduna da Hartum. Suka fito daga inji da ɗuminsu, sumul, suna ƙyalli. Har ruwa na zuba wa ɗaya a gaban jama'a don su ga aiki. Leda ɗaya ta yi saura, na sa aka yi wa katin asibitina.

Na mayar da su gwangwani na zauna jiran yabo. Har fuskar da zan yi na tanada, irin ta wanda ya yi abin kirki amma ba ya son a faɗa.

Shekaranjiya waccan muna waya da Malama, tana cikin farin ciki, ta ce in an yi arba'in tare za su taho da mai jego da jariri, a zaga da shi dangi. Ta ce abin da ta ƙagu ta yi shi ne ta fito da katin Baba ta karanta wa takwaransa. Na ce wane katin Baba, ai duk nasa ne. Ta ce na Kaduna. Wai duk sauran wasu ne suka rubuta su, wannan kaɗai shi ya rubuta. Tafiya ɗaya tak ya taɓa yi mai nisa, kwas na wata uku a Kaduna, tana 'yar shekara shida. Bai aiko wa mahaifiyarta ba, bai aiko wa ƙannensa ba, sunanta ya sa, har ma'aikacin gidan waya ya tsaya a ƙofar zaure yana kiran sunanta kamar wata babbar mace. Littattafansa da takardunsa gara ta ci wasu, wasu sun watse a hannun mutane, rubutun hannunsa da ya rage a duniya shi ne 'yan layukan da ke bayan katin nan. Ta ce ai ta ba ni labarin nan ya fi sau uku. Wallahi, Gwaggo, ban tuna ba.

Na daure na tambaye ta me ya rubuta. Ta yi dariya ta ce shekara talatin da ɗaya ban tambaya ba, sati biyu ba zai kashe ni ba. Na ce ba na jin ta sosai, layi ya lalace, na kashe wayar. Gumi ya jiƙa mini riga kamar na yi dambe da bijimi.

Washegari na zaɓi na Ibadan, don ina ganin kamar ba ta cika daɗewa a kansa ba, na tsaga ledar da reza ta kan hoton, na kama na ja a hankali. Ledar ta taso, amma da rabin rufin laburaren ta taso. Abokina Mati, wanda muke kara tare tun muna samari, ya ce zafi ya rufe, zafi zai buɗe, in sa dutsen guga. Na sa a kan na Ibadan ɗin dai, ya tattare kamar ganda a wuta. Daga nan na tsaya. Na Kaduna ban taɓa shi da komai ba, sai dai na ɗaga shi sama da rana tsaka ko zan hango rubutun ta ciki. Inuwar rubutu biyu kawai nake gani, ɗaya a kan ɗaya, kamar sawun tururuwa. Na daɗe a tsaye a tsakar gida hannu a sama, har maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambaya ko kusufin rana ake yi.

Mati ya kawo shawara uku. Ya ce in kawar da gwangwanin gaba ɗaya in ce ruwa ya shiga ya jiƙa su sun ruɓe, ga kwano nan shaida, ƙaddara ba ta da mai laifi. Ko in ce na kai a share musu ƙura ne Sama'ila ya yi gaban kansa. Ko kuma in samo karsana mai kyau in ɗaure a tsakar gida, tana shigowa in ce tata ce, kafin ta kai ga sif zuciyarta ta yi sanyi. Ba zan ɓoye miki ba, ta ruwan ce ta fi kwanta mini, don ita ce babu sunana a ciki. Amma duk sanda na ɗauki gwangwanin sai in tuna yadda take wanke hannu, sai in mayar in ajiye. Abinci ma ya daina shiga.

Ba faɗa nake tsoro ba, Gwaggo. Da za ta yi mini ihu har unguwa ta taru, da na ji sauƙi. Na san halinta. Za ta duba, ta juya, ta sake juyawa, ta ce ba komai, Allah ya saka da alheri. Sannan ta rufe gwangwanin nan ta mayar saman sif, kuma ba za ta ƙara shimfiɗa farin zanen nan ranar Juma'a ba. Wannan nake tsoro, kuma ni da ban taɓa zama na kalla ba, ban san abin zai dame ni haka ba.

Ki gaya mini wacce zan ɗauka cikin ukun, ko in akwai ta huɗu. Don Allah kada ki sa sunana. Malama ba ta wuce filinki, har yankewa take yi tana ajiyewa, kuma na san ana saya mata jaridar a Kano, shi ya sa kika ga na ɓoye komai.

Naki cikin damuwa,
Wani Bawan Allah, daga wani gari kusa da Daura.

*

Wa alaikumus salam, Alhaji Bawan Allah na kusa da Daura.

Barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya. Sai dai kafin mu shiga magana, bari in yaba maka ɓuya. Mata nawa ne a ƙasar Daura da ke da katin laburare hamsin da takwas, da mahaifi Malam Harisu, da miji dillali, da sabon jika a Kano? Ko sunan na cire, layi uku za ta karanta ta ajiye jarida ta nemi mayafinta. Don haka na turo maka wannan amsa ta lambar wayar da ka haɗo da wasiƙarka tun yau Talata. Jarida za ta fito Juma'a. Ba kwana goma sha biyu gare ka ba, Alhaji, uku ne.

Zan fara da abin da ke gefenka, don yana da yawa. Ka ji ruwa ka tuna da ɗakin matarka, ka taka kujera da shekarunka ka sauko da abin da kai kanka ba ka ga amfaninsa ba, don kawai nata ne. Ba kowane namiji zai yi ba. Laminetin ɗin ma ba hauka ba ne, duk haka muka taso muka gani, ni ma takardar gama makarantata tana cikin leda tun ban san ciwon baya ba. Sai da na kai wasiƙarka wurin wata ƙawata da aikinta ke nan, adana tsofaffin takardu, na ga ta dafe kai, sannan na san akwai magana. Ta ce ledar nan gam ne a cikinta, zafin inji ke narkar da shi ya shige jikin takarda, kuma in ya shiga ba ya fita. Masu tara irin katunan nan kuwa bayan katin suke fara dubawa, wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, hatimin wane gari ne, wace shekara.

Yanzu gefen Malama. Kayan ba naka ba ne, kuma waya tana aljihunka. Na tabbata tun da ta tafi ka kira ta ka tambayi inda ta ajiye yaji, da wane makulli ne na sito, amma a kan gadon mahaifinta sai ka ga tambaya zubar da girma ce. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuwa ta sani, ta kuma faɗa maka tun bara. Abin da ke neman rufi a gidanka kwano ne, kai kuma ka tsallake shi ka rufe katuna. Ka guji gara ka faɗa gidan zago, kuma da ƙafarka ka taka.

Ka gaishe mini da Mati, ka ce na ce ya tsaya a kan raguna. Sama'ila sau biyu yana ja maka birki a gaban shaidu, ka bar bawan Allah ya ci abincinsa. Karsana kuwa, kullum da safe Malama za ta fito ta gan ta tana tuƙa a tsakar gida, ta tuna dalilin zuwanta. Ta ruwan da ta fi kwanta maka ita ce mafi muni, kuma ina so ka dube ta da kyau. Kafin ƙaryar nan ta tsaya da ƙafarta, sai ka ɗauki rubutun Malam Harisu da hannunka ka jefar. Na farko kuskure ne, ba ka sani ba. Wannan da saninka za ka yi, don ka tsira da fuskarka, kuma ba na jin mutumin da ya kasa cin tuwo saboda gwangwanin biskit zai iya kwana da shi.

To ga abin da ƙawata ta ce bayan ta sauke hannu daga kai. Gam yana jikin leda ne kawai, abin da ya taɓa shi ya kama, wato fuskar hoto da bakin ledar da ya zagaye katin. Bayan kati da bayan kati babu gam a tsakaninsu, jingine kawai suke da juna. Ta tambaye ni ko girmansu ɗaya, na karanta mata yadda ka zauna awa guda kana haɗa tsara da tsara, sai ta yi dariya ta ce to da alama rubutun yana nan lafiya. In aka sa rula da wuƙa mai kaifi aka yanke bakin ledar daidai gefen katin, ta kowane ɓangare, za su rabu biyu kamar ɓarin goro. Kai ta fuska ka shiga, shi ya sa ka fito da rufin Ibadan a hannu. Ba ta yi alkawari ba, don ba ta gan su da idonta ba, kuma zafi yakan sa wata tawadar ta dusashe. Hotunan kuma sun zauna a leda ke nan har abada, wannan asara ce, kada ka rage mata girma in kana faɗa. Amma dai idon dillali ya ceci abin da dabarar dillali ta kusa hallakawa.

Na san yanzu ka miƙe kana laluben reza. Zauna, Alhaji. Hannun da ya yi wa Ibadan aski ba zai taɓa Kaduna ba. Ko da hannunka ya fi na tela daidai, ba kai za ka yanke shawarar ba, ka riga ka yanke mata sau ɗaya tana Kano. In ka buɗe su kafin ta dawo don laifin ya ragu, laifin farko ka maimaita. Ita za ta ce a yanka ko a bari, ita za ta zaɓi wanda za a fara gwadawa a kai, ita za ta zaɓi mai yankan, na Kaduna kuma shi ne na ƙarshe.

Ka kira ta yau, a lokacin da ka san ta gama da wankan mai jego ta zauna. Kada ka fara da labarin ruwan sama, kada kafinta ya shigo, kada layi ya lalace. Ka ce na taɓa kayanki ban tambaye ki ba, ga abin da na yi, ga abin da ya sami na Ibadan. Sannan maza ka gaya mata cewa ana kyautata zaton rubutun Baba yana nan, kada ka bar ta da fargaba ko na minti ɗaya. In ranka ya daɗe ta biyo baya, ka karɓa ka haɗiye, ka ci bashinta ne. In ta ce ba komai, kada ka yarda, ka ce da komai, kuma kana nan har ta faɗe shi. Kafin ta iso a ga sabon kwano a kusurwar nan, ko da kai za ka je ka ɗauko kafintan a bayan babur. Gwangwani mai tsatsa ma ya gama aiki, ana son akwati busasshe da farar takarda a tsakani, nesa da bango, amma wannan ma ka bari ta zaɓa.

Sai dai ba ledar ce ta tsayar da ni a wasiƙarka ba. Inda na ajiye takardar na cire tabarau shi ne inda ta ce ta ba ka labarin ya fi sau uku. Ka ce wa Sama'ila gaisuwar ta gama aikinta shekara hamsin da suka wuce. Gaisuwar da mace mai jikoki ke wanke hannu kowace Juma'a kafin ta taɓa ba ta gama aiki ba, har yanzu isowa take yi. Ni ban san abin da Malam ya rubuta wa 'yarsa ba, kai ma ba ka sani ba, alhali shekara talatin da ɗaya kuna gida ɗaya da katin, kuma ledar Sama'ila sati biyu da 'yan kwanaki kawai ta yi a kansa. Rago ne ake sanin shekarunsa daga nesa. Mutum sai an matso an tambaya. Juma'ar farko da ta shimfiɗa zanen nan, ka kashe rediyo, ka wanke hannu, ka yi sallama a bakin ƙofa ka jira a ce ka shigo.

Malama, na san kin iso nan, kuma ina fata wayarsa ta riga ni. Ya yi ɓarna, kina da hakkin yin fushi, ki yi shi cikakke, kada ki rage masa da ba komai. Amma ki sake karanta abin da ya ce yana tsoro. Bai ce muryarki ba, bai ce surutun dangi ba, cewa ya yi kada ki daina shimfiɗa zane. Mutumin da ya tsaya a rana tsaka hannu a sama yana neman layi ɗaya na rubutun mahaifinki ya makara, amma ya iso. Ranar da Kaduna ta rabu da Hartum, ki karanta da ƙarfi yadda kika yi niyya. Takwara kwanansa arba'in a duniya, ko kalma ɗaya ba zai gane ba. Tsohon da ke zaune a gefensa da wankakken hannu, shi za ki karanta wa.

Allah ya jiƙan Malam Harisu, ya raya takwaransa a kan son karatu, ya sa a tarar da rubutun nan garau, ya kuma bar ku tare cikin rufin asiri da rufin kwano mai kyau.

Taku,
Gwaggo Maiturare.